Ranar da Na Wuce Baffa a Kan Keke

Halifa, wannan babin naka ne. A waya nake rubuta shi, a shago, tsakanin kwastoma da kwastoma, don haka in ka ga na yi tsalle daga wata magana zuwa wata, to wani ne ya shigo da fasasshiyar waya. Shekararka biyu yanzu, ba ka san komai ba sai cizon caja. Amma za ka girma, kuma a gidanmu labari ba ya mutuwa, riga kawai yake canzawa. Na riga na ji yadda ake ba da shi a wajen biki: wai Baffa Iliya, wanda ka ci sunansa, ya wahalar da ni kwana biyar a kan tsohon keke saboda mugunta kawai, kafin ya yarda ya nema mini auren mamanka. Ba haka aka yi ba. Na gaji da gyara wa mutane da baki, shi ya sa zan rubuta sau ɗaya in huta.

A lokacin ina cikin 'yan keke. Ba keken zuwa cefane ba, irin na motsa jiki, mara nauyi, wanda za ka ɗaga da hannu ɗaya. Mu tara ne, duk Asabar muke fita. Ni da abokina Nura muka kafa guruf ɗin, shi ne mai ɗaukar bidiyo, ni ne mai tsara hanya, shi ya sa suke ce mini Kyaftin. Mun zaga Kano har mun gaji da ganin titi ɗaya, sai na ce mu je ƙasarmu. Sati biyu na yi ina zana hanya a taswirar waya. Mota ta sauke mu a Gumel ranar Juma'a, Asabar mu yi Ɗanzomo mu ɓulla Sule Tankarkar mu dawo, Lahadi mu yi Maigatari da Gagarawa. Na sa alamar wuraren tsayawa: gonakin zoɓo, wata ƙatuwar kuka, rijiyar da shanu ke shan ruwa, kasuwar dabbobi, tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Duk inda na sa alama wurin hoto ne. Ko ɗaya ban sa don mutum ba.

A daidai lokacin ne maganata da mamanka, Rabi'a, ta kai inda ba a wasa. Mahaifinta, Alhaji, ɗan kasuwa ne, in ya tafi Legas sai ya yi wata huɗu bai leƙo ba. Ya kira ni falonsa ya ce:

"Juma'a ta sama ina gida, Asabar na kama hanya. Ka turo magabatanka kafin nan. Ba limamin layinku ba, ba maigidanka na kasuwa ba. Jinin ubanka nake son gani. Akwai waɗanda suka zo sau biyu, ita ce ta ce in jira ka. Ba zan jira ka har in dawo ba."

Jinin ubana kuwa mutum biyu suka rage, ƙanensa Baffa Iliya da yayarsu Gwaggo Tabawa, duk a ƙauyenmu da ke bakin titi gaba kaɗan da Ɗanzomo. Babana, Malam Hamza mai rediyo, ya rasu ina sakandare, kuma tun bayan ta'aziyya sau biyu na taka garin. Sunan kakana na ci, Usman, don haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, Babana yake ce mini. Na kira shi na ce Asabar ina tafe, akwai magana. Na ji muryarsa ta buɗe, yana ta "Madalla, Babana, madalla." Abin da ban faɗa masa ba shi ne da yamma nake nufi. A kaina na tsara komai tsaf: da safe mu yi yawonmu, da la'asar in yi wanka in sa shadda in je in gaishe shi. Na manta ba a haɗa gudu da susar duwawu. Na san hanyar ta bi ta ƙofar gidanmu, ai ni na zana ta. Na ce kaka ce, Baffa yana gona, kuma wa zai gane ni cikin hular kwano da baƙin gilashi?

Gaskiya ƙasar ta yi kyau a ranar. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, an yanke gero an jera dammuna, an kafa riɗi tsaye yana shan rana, zoɓo ya yi ja har inda ido ya tsaya. Mun yi hoto a gonar zoɓo, muka hau titi a layi ɗaya, taya na bin taya, ni a gaba. In kana gaba a irin wannan layin ba ka taka birki haka kawai, na bayanka zai hau kanka. Ga takalman da muke sawa, maƙale suke da feda, sai ka murɗa ƙafa kafin su saki. Ga manhaja tana auna gudunmu, kowa yana son ya ɗora nasa. Ina faɗa maka wannan ne don ka san uzurin da na yi ta ba kaina, amma ba shi ne dalili ba. Dalili wandon ne. Matsattsen gajeren wando ne da ya ɗame cinya, babu abin da ya rufa wa asiri, kuma tun daga nesa na hango tsamiyar ƙofar gidanmu cike da mutane, tabarmi uku, dattawa da manyan riguna kamar ranar suna.

Kai ɗan birni ne, bari in gaya maka. A wajenmu yaro ba ya wuce manya a kan keke. Tun daga nesa kake sauka, ka turo shi da hannu, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaisa, sai ka ɗan yi tafiya a ƙasa kafin ka sake hawa. Ko ba ka san su ba. Kuma na san wannan sarai, in mun zo gida hutu babana ya sha sauke ni daga kariyar kekensa saboda haka. Na sunkuyar da kai, na ɗaga yatsu biyu irin gaisuwarmu ta 'yan hanya, na ƙara wuta. Daƙiƙa uku, an wuce wurin. Muka je kuka muka yi hoto, muka je rijiya muka yi hoto, na ci gaba da dariyata, don na gamsar da kaina babu wanda ya gane ni.

Da la'asar na hau acaɓa daga Gumel, shaddata tana ƙyalli. Na tarar da Baffa shi kaɗai a gindin tsamiyar, an naɗe tabarmi biyu. Na cire takalmi na durƙusa.

"Salamu alaikum. Baffa, barka da yamma."

"Wa alaikumus salam. Maraba da baƙo. A kawo wa baƙo ruwa."

Na yi dariya, na zaci wasa ne.

"Baffa, ni ne fa."

"Sannu da hanya, samari. Daga ina? Wa kake nema a garin?"

"Usman ne, ɗan Malam Hamza."

"Allah ya jiƙan Hamza. Yana da ɗa kam. Mun sa ran zuwansa da safe, bai zo ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Na fi son a ce marina ya yi. Na tashi na shiga cikin gida, Gwaggo Tabawa tana ganina ta kama haɓa.

"Babana, me ka yi haka? Tun da asuba mutumin nan ya hana kowa zuwa gona. Ya sa aka yanka zakaru biyu, ya aika aka kira mai gari da liman, wai ɗan yayansa zai zo da maganar alheri."

"Gwaggo, wallahi ban zaci zai gane ni ba."

"Au, da bai gane ka ba shi kenan? Sauran da ke zaune itatuwa ne? Tun kuna can wajen gawo ya ce ga shi nan a gaba, ku dubi kafaɗar hagu, ta karkace irin ta Hamza. Kowa ya juya. Sai ka wuce kamar an biyo ka, tsirara, da ƙwarya a ka."

"Ba tsirara ba ne, Gwaggo, kayan wasan ne haka."

"Ni dai abin da na gani ta kan katanga, ko ɗan kamfai ya fi shi mutunci."

Na gaya mata maganar Juma'a, na ce ta taimaka ta sa baki. Ta ce ba ita na wuce ba.

Na koma Gumel ina huci. A raina cewa nake mutanen ƙauye da ɗaukar abu da zafi, daƙiƙa uku fa. Bayan magariba muna cin abinci a tsakar masauki na ba Nura labari a taƙaice, na ce baffana ya yi fushi. Ya ce in bar wahalar da kaina, in samu wani tsoho a Kano in sa masa babbar riga, wa zai duba jini? Sai ya miƙo mini wayarsa in ga abin da ya ɗauka. Kyamararsa a kan hularsa take, shi ne na uku a layi. Ga bayana, ga titi, ga tsamiya tana matsowa. Sai ga wani tsoho a tsakiyar tabarma ya dafa gwiwa yana miƙewa. Baffa gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, a zaune yake salla. Ya miƙe rabi, hannu ɗaya a sama, baki buɗe da murna. Dattijo ne fa yake tashi wa yaro, a gaban mai gari. Keken farko ya wuce. Hannun bai sauka ba. Na biyu ya wuce, sai hoton ya koma gonar wake.

"Ka ga tsohon nan?" in ji Nura. "Shi ya ba bidiyon armashi. Da shi zan buɗe."

"Goge shi."

"Ka ji ka. Duk yau babu abin da na ɗauka da ya kai shi."

"Shi ne baffan nawa, Nura."

Ya ce, "To ai bai san intanet ba."

A wurin na ce musu gobe ba da ni ba, na tura musu taswirar. Nura ya ajiye cokali.

"Kai ka kawo mu nan, mutum takwas, wasu hutu suka ɗauka a wurin aiki. Babu wanda ya san hanyar sai kai."

"Ni ma ban san ta ba. A waya na gan ta."

Sun tafi ranar Lahadi, taswirar tawa ta kai su wata hanya da yashi ya cinye, suka yi ta turin kekuna da rana tsaka har biyu daga cikinsu suka hau amalanke. Kafin yamma an cire ni daga guruf ɗin da ni na buɗe shi. Ban ga laifinsu ba, har gobe. Bidiyon kuwa Nura ya ɗora shi yadda ya ce.

Ni kuma da sassafe ina gaban Baffa a durƙushe. Na ce na yi laifi, ban kawo ko uzuri ɗaya ba. Gwaggo ta riga ta gaya masa maganar Juma'a. Ya bar ni a haka har ƙafata ta fara tsami.

"Samari, in na je gaban Alhajin nan zai ce wane ne yaron, yaya halinsa. Me zan ce? Ni a guje na gan ka. Ba na shaidar abin da ban sani ba."

Ya sa na buɗe wani ɗan ɗaki a zaure na fito da keken babana. Baƙi ne, mai nauyi kamar amalanke, babu giya, fatar sirdin ta bushe ta zama dutse. Amma sarƙar tana sheƙi, taya da iska. Ashe duk shekarun nan Baffa yana zuba masa mai. Ya miƙo mini ƙunshin goro uku.

"Shekara da shekaru ubanka yana bin kasuwannin ƙasar nan da wannan, da akwatin gyara a baya. Yana da aminai uku. Ba a nema wa ɗan Hamza aure su ji a bakin duniya. Buba a rugarsu bayan Sule Tankarkar. Isufu mai shayi a Maigatari. Garba a Gagarawa Tasha. Da bakinka za ka faɗa musu. Kuma duk inda ka ga mutum biyu a zaune, sauka."

"Baffa, Juma'a fa."

"Na san kwanakin mako."

Na ɗaure ƙafar wandona da roba don kada sarƙa ta ci shadda, na hau. Halifa, hanyar da muka shanye jiya kafin hantsi, ita ce ta ci mini yini guda. Ba nauyin keken ba ne kawai, saukar ce. Ƙasar nan babu inuwar da babu mutum a ƙarƙashinta. Ka hau, ka fara jin iska, sai ga darbejiya da tsofaffi uku suna ɓarar gyaɗa. Ka sauka, ka cire takalmi, ka durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ya kaka, ya iyali, ya hanya. Sai a ce ɗan wa? Ka ce Hamza mai rediyo. Wani ya ce Allahu akbar, ya kama hannunka ya ƙi saki, ya aika a kawo ruwa. Wani ya kalle ka sama da ƙasa ya ce, "Kai ne na jiya mai ɗan wando?" Don labarin ya riga ni isa ko'ina. Ka sha ruwan ko ba ka jin ƙishi, ka tura keke ka ɗan yi nisa, ka hau, ga wata inuwar. Zuwa azahar gwiwata ta daina ciwon feda ta koma ciwon durƙuso.

Buba na same shi da yamma a bakin rijiya, dogon tsoho da sanda a kafaɗa. Rijiyar da muka yi hoto jiya ce. Bai kalle ni ba, keken ya kalla, ya zagaya shi, ya danna ƙararrawar sau ɗaya. Mu asalinmu Mangawa ne, akwai wasa tsakaninmu da Fulani, don haka bai ɓata lokaci ba.

"Bawana ya mutu ya bar mini ɗan bawa. To, jiya wasu aljanu sun tsaya nan suna ɗaukar shanuna hoto, ko sannu ba su ce mini ba. Ka san su?"

"Na san su, Baba."

"Ka gaya musu jar saniyar nan ta ce ba ta yafe ba."

Daga baya na duba hotunan. Yana ciki, a gefe, riƙe da guga, na yanke masa rabin fuska don shanu su fito sosai. A rugarsa na kwana. Ya dama mini fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, ya karɓi goro ya yi addu'a, ya ba ni labarin yadda babana yake isowa duk mako, ya jingine keke a jikin aduwa, ya zauna sai ya ji lafiyar kowace saniya da sunanta kafin ya buɗe akwati. Ni a Kano na san babana, mutum mai shiru a ɗan teburinsa. Ban taɓa sanin yana hira ba.

Litinin na koma Gumel na miƙa Maigatari. Ƙaya ta fasa mini taya sau biyu. Na isa rana ta yi sanyi, kuma ba ranar kasuwa ba ce, don haka abin da na sa wa alama a taswira fili ne kawai, turaku a jere babu dabba, sai warin taki da iska tana kaɗa rumfuna. Isufu mai shayi mutumin Damagaram ne da ya zauna a nan tun yana saurayi, gajere, mai faɗa. Ya karɓi goro bai ce madalla ba.

"Wannan ƙararrawar ta Hamza ce, na gane ta. Ubanka ya cuce ni."

Ya shiga bayan rumfa ya fito da wata rediyo naɗe a tsumma.

"Ya buɗe ta ya ce wani abu ya lalace, zai kawo mini mako mai zuwa. Sai ya koma Kano. Ban ba kowa ta ba, don shi ya fara. Kai me kake yi a birnin?"

"Gyaran waya."

"To ka ga Allah."

Na so in kama hanya da asubar Talata, amma ta yaya? Na zauna a bencinsa da aron sukundireba da ɗan ƙarfen da na gasa a garwashin shayinsa. Ba wani abu ba ne, waya ɗaya ta tsinke, wurin batir ya yi tsatsa. A shagona aikin minti goma ne, a nan ya kai ni hantsi, yana tsaye a kaina yana cewa ubana ba haka yake riƙe ta ba. Da ta yi magana, ya ɗora ta a kunne ya juya mini baya ya daɗe. Da ya juyo cewa ya yi sautin ya ragu. Amma ya cika mini leda da burodi, ya raka ni har bakin titi, yana ta faɗa a kan ban iya ɗaure kaya a kariya ba.

Laraba ita ce ranar da na kusa ajiyewa. Hanyar Gagarawa ta yi mini tsawo, cinyata ta sale, shaddar ta koma kalar ƙasa, na daina jin kunyar warin jikina. Na isa Tasha bayan azahar na tambayi gidan Malam Garba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Aka ce ai ya rasu, shekara biyu ke nan. Babu wanda ya kai wa Baffa labari. Na yi sallama a zaure, matarsa ta amsa daga bayan labule, na yi ta'aziyyar da ta makara, na miƙa goron. Ta ce Malam har ya kwanta ciwo yana cewa ko ina yaron Hamza yake. Na fito na zauna a bakin dogo. Ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafan, akuyoyi suna kiwo, layin ya miƙe har ya shige cikin sama. Wurin da na fi ɗokin ɗauka hoto ke nan a duk tafiyar, ban ko ciro waya ba sai da ta yi ƙara. Mamanka ce.

"Usman, Baba ya sake tambaya yau. Me zan ce masa?"

"Ki ce Juma'a."

"Baffan ya yarda?"

"Bai ce ba."

"To kana ina yanzu?"

"Ina kai wa mamaci goro."

Na ji tana so ta yi kuka ko ta zage ni, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce in sha ruwa. Na zauna ina tunanin tsohon da Nura ya ce in saka wa babbar riga. Ga motoci suna tafiya Kano, da na sa keken a but da na isa kafin isha. Abin da ya hana ni ba wani tsoron Allah ba ne na musamman, kada in yi maka ƙarya. Hannun nan ne da bai sauka ba. Duk lokacin da na rufe ido shi nake gani.

Alhamis bayan la'asar na hango tsamiyar. Tabarmi uku, mutanen ranar Asabar ɗin ne, har mai gari. Na sauka tun daga wajen gawon da Gwaggo ta ce, na cire takalmi na rataye a kan keke, na turo shi cikin yashi, ƙarangiya tana shiga ƙafata. Na jingine shi na durƙusa, na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Liman ya ce yau dai an sa wando. Aka yi dariya. Na faɗa wa Baffa Buba ya gaishe shi, Isufu ya gaishe shi, Malam Garba kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ya sunkuyar da kai, aka yi addu'a. Sannan ya ɗago.

"Na ji ka gyara wa Isufu rediyo. Na ji ka kwana a ruga. Na ji kana sauka. Ban da rumfar masu faci a bayan Gumel, ranar Litinin."

"Baffa, barci suke yi."

"Ɗaya idonsa biyu."

Aka sake dariya, shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, ƙafafuna, shaddar, kafaɗata.

"Na tashi maka sau ɗaya, gwiwata ba ta da na biyu. Matso nan, Babana."

Na matsa. Ya dafa kaina, ya juya ga mai gari ya ce wannan ne ɗan yayansa da ya ce zai zo, ya iso. Sai ya tambaya ƙarfe nawa motar farko take tashi daga Gumel.

Ranar Juma'a shi da limamin garinmu suka shiga falon Alhaji. Ba su yi minti ashirin ba. Baffa ya ce mini Alhaji bai tambayi halina ba, bai tambayi komai ba, gaisawa suka yi aka sa rana. Na ce to duk wahalar nan fa? Ya ce ai ba don Alhaji aka yi ta ba.

Nura bai zo ɗaurin aure ba, muna gaisawa dai in mun haɗu. Kekena mai tsada na sayar, ban sake samun abokan fita ba kuma ban nema ba. Na babana shi ne wanda kake gani a bayan ƙofa kana wasa da ƙararrawarsa. Baffa ya ba ni shi bara, da ya ji hannunsa ya daina iya zuba masa mai. Bidiyon har yanzu yana nan, mutane da yawa sun kalla, sun rubuta cewa ƙasar tana da kyau. In ka girma za ka ci karo da shi, ko wani ya nuna maka don ya yi dariyar wandona. Yi dariyar, ta cancanta. Amma in tsamiya ta matso, ka tsayar da shi ka duba tsakiyar tabarma. Sunansa ka ci.